Shari'ar da Ba Ta da Mai Bi Marainiya Ce

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mil 12 a Ikko, da na Sabon Badun, da na Shagamu da Abekuta da Anacha da Fatakwal, da sauran duk inda neman abinci ya kai ɗan Arewa, yau maganarmu a kan Jos take. Kada wani ya ce ina ruwansa da Jos tun da shi Basakkwace ne ko Bakatsine. Duk wanda ya saba hawa mota daga Kudu zuwa Bauchi ko Gombe ko Maiduguri ya san ta inda hanya ta bi, kuma dankali da kabeji da karas ɗin da muke saukewa a kasuwannin Kurmi, da yawansu daga kan dutsen nan suke gangarowa. Abin da ya taɓa Jos ya taɓa mu.

Ran Asabar 14 ga Agusta 2021 aka tare wasu matafiya a hanyar Rukuba cikin Jos, suna komawa gida Ikare ta Jihar Ondo daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da mutum 20. Mazauna Kurmi ne kamar mu. Bayan kwana goma, daren 24 ga wata, aka auka wa ƙauyen Yelwa Zangam a gefen garin, aka kashe Kirista fiye da 30, har 'yan'uwansu suka ɗauki gawawwaki suka kai ƙofar Majalisar Dokokin Jiha don baƙin ciki. To, mu me muka yi? Mun yi kuka, mun yi Allah wadai, an zagaya da faranti a masallatai da tashoshin mota an tara gudummawa, manya sun je ta'aziyya an ɗauke su hoto. Aka ce an kama mutane, muka ce madalla. Daga nan kowa ya koma rumfarsa. Yau in aka tsai da mutum ɗari daga cikinmu aka tambaye su wace kotu aka kai maganar, gaban wane alƙali, shaidu nawa suka bayyana, da wuya a sami ɗaya da zai buɗe baki.

Wannan shi ne ciwon. Mun iya jana'iza, mun iya ta'aziyya, amma ba mu iya bin shari'a ba. Alhali kuwa a ƙasar nan shari'ar da ba ta da mai binta marainiya ce, a cikin ƙurar kabad take tsufa, a nan kuma take mutuwa.

Wanda aka zalunta ba shi da kujera a kotu

Sai mun san yadda aka gina gidan kafin mu san inda yake yoyo. A fiƙihun da kakanninmu suka saba da shi a gaban alƙalai, in an kashe mutum magadansa su ne masu magana. Su ne waliyyan jini, da bakinsu ake neman ƙisasi, da yardarsu ake karɓar diyya ko a yafe. Da dokar Final Kod ta fara aiki a Arewa cikin 1960, sai tsarin Ingilishi ya kankama, laifi ya zama magana tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma. Shi ya sa in ka duba allon kotu za ka ga an rubuta Gwamnati da Wane, ko Kwamishinan 'Yan Sanda da Wane. Sunan wanda aka sara, ko matar da aka mayar gwauruwa, ba ya kan allon. Iyakar matsayinta shaida ce, in an kira ta ta zo, in ba a kira ta ba shi ke nan.

Shi wanda ake tuhuma, Tsarin Mulki na 1999 ya tsare masa haƙƙinsa a sashe na 35 da na 36: a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a bar shi ya ɗauki lauya, a ba shi tafinta kyauta, a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Tun 1976 kuma akwai Hukumar Ba da Taimakon Lauyoyi, wadda mafi yawan aikinta kāre talakan da aka gurfanar ne. Ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan, domin mu da muke zaman baƙunci mun fi kowa sanin yadda ake kwashe mutum a bakin titi a kulle ba gaira ba dalili. Amma shi wanda aka zalunta fa, wa ya tsaya masa? Lauyan gwamnati na gwamnati ne, fayil ɗari ke gabansa, sau da yawa ranar shari'a zai fara ganin fuskar mai ƙara. Bugu da ƙari, sashe na 211 ya ba Babban Lauyan Jiha ikon janye kowace ƙarar laifi kafin a yanke hukunci. Ana iya sallamar wanda ya kashe maka ɗa, kai kuwa sai dai ka gamu da shi a kasuwa.

Tarin kwamitoci

Ba garin da ya nuna wannan aibi a fili kamar Jos. Bayan rikicin Afrilu 1994 aka kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Aribiton Fiberesima. Bayan na 7 ga Satumba 2001, wanda ya ci rai wajen 1,000 cikin mako guda, aka kafa ta Mai Shari'a Niki Tobi. Bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci ran 18 ga Mayu 2004, aka kuma yi taron zaman lafiya na jiha. Bayan na Nuwamba 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa ya kuma ci rai aƙalla 700, sai bincike ya zama biyu: Gwamnatin Jiha ta kafa na Bola Ajibola, Gwamnatin Tarayya ta kafa na Janar Emmanuel Abisoye, gwamnatocin biyu suka shiga jayayya kan wa ke da ikon bincike, gawa ba ta ko huce ba. Cikin 2010 kuma aka kafa kwamitin Cif Solomon Lar.

Jama'a, hukumar bincike ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta tilasta wa kowa biyan diyya, iyakarta ta rubuta shawara ta miƙa wa wanda ya naɗa ta, shi kuwa in ya ga dama ya karanta. Gwauruwa ta shiga gaban manya ta faɗi sunan wanda ya kashe mijinta, ta yi kuka, an rubuta, an ɗinke littafi, an sa a kabad. Ita tana zaton ta kai ƙara, ashe labari ta bayar.

A watan Disamba 2013 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan kashe-kashen Filato da Kaduna, inda ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 3,000 a jihohin biyu tun daga 2010. Abin da ta tarar shi ne, shaidu da yawa, Musulmi da Kirista, sun je caji ofis sun faɗi abin da suka gani har da sunaye, amma magana ta tsaya a nan. Sunan da aka sa wa rahoton ma daga bakin mutanenmu aka ɗauko shi, watau maganar nan da muke yi kullum ta a bar wa Allah komai.

"Mun bar wa Allah"

To, bari mu tsaya a kan wannan magana, domin ita ce bargon da muke lulluɓe kasalarmu da shi. Ba mai musun cewa hukunci na ƙarshe na Allah ne. Amma me ya sa in an ci mana bashin buhu goma na albasa ba ma barin wa Allah? Sai mu bi mutum har Onisha da Aba, mu kai shi gaban shugaban kasuwa, mu kai shi caji ofis, mu kwana a tasha. Ashe albasa ta fi jinin ɗan'uwa daraja ke nan? Haƙuri ado ne ga wanda aka yi wa rashi, amma sauran jama'a da ke tsaye a gefe ba su da ikon yafe jinin da ba nasu ba, balle su kira shirunsu tawakkali.

Daɗin daɗawa, ƙarya muke yi, ba mu bar wa Allah ba. Tsofaffi su ce sun bari, samari kuwa su riƙe a zuci, su wasa wuƙa. Ran 19 ga Janairu 2010 aka kashe Musulmi aƙalla 150 a Kuru Karama, aka jefa da yawansu cikin rijiyoyi. Bayan kwana 47, daren 7 ga Maris, aka kashe Kirista aƙalla 200 a Dogo Nahawa da Zot da Ratsat, mafi yawansu mata da yara. Yaron da aka yanka a Dogo Nahawa bai san hanyar Kuru Karama ba, kamar yadda jaririn da aka jefa rijiya a Kuru Karama bai san abin da ya haɗa manya faɗa a Nasarawa Gwom ba. Inda duk aka toshe ƙofar kotu, ta ramuwar gayya ce ke buɗewa, ita kuwa ramuwar gayya makauniya ce, ba ta taɓa faɗa wa mai laifin. Kuma in Jos ta kama wuta, mu nan Kurmi mun san yadda muke kwana da ido ɗaya a buɗe.

Kada kuma wani ya ce kotu ba ta taɓa yin komai ba. A watan Disamba 2010 Babbar Kotun Tarayya da ke Jos ta ɗaure mutum 15 shekara goma-goma saboda harin watan Maris. Ashe in an ga dama ana iyawa. Tambayar ita ce, wa ke sa a ga dama?

Wanda yake da mai bi, da wanda ba shi da shi

Ran 3 ga Satumba 2018 Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace a yankin Dura-Du, kudu da Jos, yana kan hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Sojoji ba su ce sun bar wa Allah ba. Suka kafa sansani, suka kawo injuna suka yi ta zuƙe ruwan wani tsohon kududdufin haƙar kuza, har ran 29 ga wata aka fito da motarsa. Ran 31 ga Oktoba aka gano gawarsa cikin wata rijiya, aka kuma gurfanar da waɗanda ake tuhuma gaban Babbar Kotun Jiha. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, a cikin wannan kududdufi an tsamo har da wasu motocin da ba su aka zo nema ba. Masu su 'yan Adam ne, suna da uwa da uba. Bambancinsu da Janar ɗaya ne, shi yana da rundunar da ta ƙi mantawa da shi.

Kada a ce sai mai igiya a kafaɗa. A watan Yuni 2005 'yan sanda suka harbe wasu matasa shida, yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo, a Abuja, waɗanda aka fi sani da 'yan Apo shida, aka ce 'yan fashi ne. 'Yan kasuwa 'yan'uwansu suka ƙi yarda, suka tsaya kai da fata, aka yi bincike, aka tono gawawwaki, aka shiga kotu. Shekara 12 ana kai da kawowa, a watan Maris 2017 aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Haka kuma ran 20 ga Satumba 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a Apo, suka kashe mutum takwas, talakawa 'yan ci-rani, yawancinsu masu tuƙa Keke Napep. Ƙungiyarsu ta kai kuka Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a 2014 hukumar ta yanke a biya diyyar naira miliyan 135, miliyan goma-goma ga iyalan mamata, miliyan biyar-biyar ga mutum 11 da aka raunata, a 2018 kuma aka biya. Kuɗi ba ya dawo da rai, amma an rubuta a takardar hukuma cewa mutanen nan ba 'yan ta'adda ba ne, 'ya'yansu kuma za su tashi da wannan wankin suna. Ba su fi mu ilmi ba, ba su fi mu dukiya ba. Naci suka fi mu.

Aikin mai bin kadi

Saboda haka abin da muke kira a yi shi ne, a mayar da wannan naci sana'a, a ba shi mutum takanas. Mu kira shi mai bin kadi, amma bin kadi ta ƙofar shari'a, da biro da takarda. Ba lalle ya zama lauya ba. Ya dai iya karatu da rubutu, ya ji Turanci, ya san hanyoyin ofis, ya kasance mai amana da haƙurin zama a benci. Aikinsa kuwa bai tsaya ga rikicin gari ba, ya haɗa da direban da 'yan fashi suka harba a hanyar Akwanga, da ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da ɗan kasuwar da aka damfara.

Daga asibiti yake farawa. Ya san dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ya tabbatar likita ya rubuta raunukan, an ajiye takardar, in rasuwa ce an samu shaidar musabbabin mutuwa. Mu mutane ne masu gaggauta binne mamaci, wannan kuwa abu ne mai kyau, amma gawar da aka rufe ba likita ya gani ba, ba hoto, ba suna a rubuce, ta tafi da rabin shaida cikin kabari.

Daga nan sai caji ofis. Ya raka mai ƙara, ya ga an rubuta bayaninsa yadda ya faɗa, an karanta masa da Hausa ko da Birom ko da Fulatanci kafin ya dangwala hannu, domin kalma ɗaya da aka karkata a ranar farko ita lauyan wanda ake tuhuma zai riƙa ya rusa shari'a bayan shekara uku. Ya rubuta sunan ɗan sanda mai bincike, da lambar fayil, da ranar da aka mayar da magana hedkwatar si'aidi.

Sa'an nan ya bi fayil zuwa mahalakarsa. Majistare ba shi da ikon yin shari'ar kisan kai, iyakarsa ya tura wanda ake tuhuma gidan waƙafi, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a kafin a shigar da ƙara Babbar Kotu. A tsakanin teburin ɗan sanda da teburin lauyan gwamnati, nan fayiloli suke ɓacewa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ce a sashe na 376 a ba da wannan shawara cikin kwana 14 da karɓar fayil, a sashe na 396 kuma ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum, ta iyakance yawan ɗagewa. Jihar Filato ta yi tata dokar a kan wannan tsari cikin 2018, Jihar Ikko kuwa ta riga kowa tun 2007. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta. Mai bin kadi shi ne zai rubuta wasiƙar tuni, ya sa a buga masa hatimin karɓa, ya dawo mako mai zuwa, ya sake dawowa, har ma'aikaci ya gane cewa wannan fayil yana da uba.

Babban aikinsa shi ne shaidu. A nan mu 'yan ci-rani muka fi kowa rauni. Wanda ya ga abin da ya faru a Jos yau, wata mai zuwa yana Mil 12 yana dako, lambar wayarsa ta sauya, sammaci ba ya samunsa. In ma ya same shi, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ya bar sana'arsa, ya biya mota, ya isa kotu a ce an ɗage. Sau biyu, sau uku, sai ya ce ya gaji. Ranar da alƙali ya kira shaida ba kowa, sai ya kori ƙarar, mu kuma mu zauna a majalisa muna cewa an sayar da shari'a, alhali da hannunmu muka sake ta. Mai bin kadi shi ke riƙe da rajistar shaidu, ya san inda kowa yake, ya sanar da shi rana, ya nema masa kuɗin mota da masauki, ya nuna masa inda zai tsaya da irin tambayoyin da zai sha, don kada kwarjinin kotu ya ɗaure masa harshe. In ana yi wa shaida barazana ya sanar da mai gabatar da ƙara, domin sashe na 232 na dokar 2015 ya yarda a ɓoye fuska da sunan shaida a wasu manyan laifuffuka irin na ta'addanci.

A ƙarshe ya tuna wa lauyan gwamnati maganar diyya. Sashe na 78 na tsohuwar Final Kod da sashe na 319 na dokar 2015 duk sun ba alƙali ikon ya sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta, ban da ɗauri. Sau nawa aka tashi kotu ba wanda ya ko ambaci wannan, don ba wanda ya roƙa? In kuwa jami'an hukuma ne suka yi ɓarnar, ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara.

Sai dai a yi hattara. Mai bin kadi ba ya koya wa shaida abin da zai faɗa, ba ya ƙara gishiri, ba ya nuna mutum don ƙabilarsa. Ba ya cikin 'yan kamashon nan masu shawagi a ƙofar kotu suna cewa a kawo na goro a kai wa wane. Ranar da ya karɓi kwabo daga hannun gwauruwa, ko daga dangin wanda ake tuhuma, ranar ya zama ɓarawo na biyu a cikin maganar.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne maƙasudin kafa gwamnati. Tun ran 29 ga Nuwamba 1985 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar da ta ce a girmama wanda aka yi wa laifi, a riƙa sanar da shi halin da shari'arsa take ciki, a saurare shi, a biya shi. Amma ko a Ingila, inda wannan aiki ya yi ƙarfi, ba gwamnati ce ta fara shi ba. Wasu 'yan sa-kai ne suka soma a birnin Biristol cikin 1974, suna ƙwanƙwasa ƙofar waɗanda aka yi wa sata suna tambayar abin da suke bukata, daga baya hukuma ta biyo sawu da kuɗinta. Gwamnati ba ta jin kukan da ba a kai mata har ƙofa ba.

Wani kuma zai ce sulhu ya fi. Sulhu alheri ne a kan iyakar gona, da bashi, da ɓarnar shanu. Amma sulhun da manya za su ƙulla a otal, a ci a sha a rungumi juna gaban 'yan jarida, ba a ko tambayi uwar mamaci ba, wannan rufe ƙofa da ɓarawo ne. Jihar Filato ta kafa Hukumar Gina Zaman Lafiya a 2016, an zauna teburi ba iyaka, duk da haka a jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe fiye da mutum 140 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, ran 20 ga Yuni 2025 kuma aka tare 'yan ɗaurin aure daga Zariya a Mangun ta Ƙaramar Hukumar Mangu aka kashe fiye da goma. Zaman teburi yana da amfaninsa, amma wanda ya yi kisa jiya ya kwana a gidansa lafiya, me zai hana shi gobe?

Na uku zai ce, to, mu tsaya wa namu, su ma su tsaya wa nasu. Wannan ita ce mafi haɗari. Mai bin kadin da zai share hawayen matar Kuru Karama ya kau da kai daga matar Dogo Nahawa ɗan banga ne da biro. In ɗanmu ne ya yi kisa, mu muka fi cancanta mu miƙa shi, domin al'ummar da ke ɓoye mai laifinta ta zubar da bakin neman haƙƙinta. Kotu ba ta tambayar gawa takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma dokar da za ta bi kadin Birom a Riyom ita ce za ta bi kadin mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025, ita ce kuma za ta tsare mu a Shasha da Agege. In muka yarda ta mutu a can, kada mu neme ta a nan.

Abin yi

Sarakunan Hausawa na Kurmi, da shugabannin kasuwannin gwari da na kara, da ƙungiyoyin direbobi da mahauta da 'yan acaɓa, maganar a hannunku take. Kullum ana karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace motar da ta sauke kaya. A ware wani kaso a buɗe asusun bin shari'a, dabam da na jana'iza, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Kowace kasuwa ta zaɓi matasa biyu masu ilmi, namiji da mace, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba, a tura su su koyi aikin wajen lauyoyi, da ofishin Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam, da Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta FIDA, a kuma yanka musu albashi don kada yunwa ta kai su ga cin amana. A kowace babbar shari'a a ɗauki lauyan da zai zauna a kotu yana sa ido a madadin iyalan mamaci, abin da doka ta yarda da shi. A ƙulla zumunci da masu irin wannan aiki a Jos, na masallaci da na coci, yadda shaidan da ke Ikko zai sami mai tarbarsa a tashar Bauchi Rod. Mu kuma matsa wa 'yan majalisarmu su yi dokar da za ta kafa asusun diyya da ofishin kula da waɗanda aka yi wa laifi a kowace Babbar Kotu, mu tambaye su wannan kafin mu tambaye su buhun shinkafa.

An gurfanar da waɗanda ake tuhuma da kisan 'yan ɗaurin auren Zariya gaban Babbar Kotu a Jos. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Irin wannan shari'a takan ci shekaru, 'yan jarida su gaji, manya su manta, benci ya zama wayam. Abin da ake bukata shi ne, duk ranar da magatakarda ya kira ƙarar, alƙali ya ɗaga kai ya ga mutum zaune da littafinsa a hannu, ya san akwai masu jira. Wannan mutum, mu za mu aike shi, mu za mu biya masa kuɗin mota.

Allah Ya ba iyalan waɗanda aka kashe haƙuri, mu kuma Ya ba mu nacin da za mu tsaya musu. Wasalam.